Tsibiri ɗaya, suna uku: yaya ake kwatance a Tafkin Volta?

Zainab Aboabo:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah ina neman wanda ya san ruwan Yeji, garin nan na bakin Tafkin Volta a Ghana. An tura ƙanena aikin koyarwa wani tsibiri a can. A takardar da aka ba shi akwai sunan garin a rubuce, sunan ya ƙare da "kope". Tun jiya yana bakin ruwa, ya nuna wa masu jirgi takardar, wannan ya ce bai san wurin ba, wancan ya ce gari biyu ne ke da sunan, ɗaya ta wajen Makango, ɗaya ta ƙasa. Ya duba taswirar waya, ruwa kawai take nuna masa. Mma tamu ko barci ba ta yi ba. Wa zai taimaka mana?

Mma Rabi Mai Kifi:
Wa alaikumus salam 'yata. Ki ce masa ya mayar da takardar aljihu, ba a tambayar hanya da takarda a bakin ruwa. Ya je wajen matan da ke ɗaure kwandunan banda, ya gaishe su da kyau, ya tambaye su jirgin wa ke ɗauko malaman makaranta daga wannan gefen. A can jirgi ake sani kafin gari. In ya sami sunan mai jirgin, ya sami garin. Kuma ya kwantar da hankalinsa, Litinin ce kasuwar Yeji, tun Lahadi jiragen tsibirai ke shigowa, ba wanda zai juya sai ya sayar da kifinsa ya sayi gishiri da mai. Kada ya yarda wani ya ce zai ɗauke shi shata shi kaɗai, kuɗinsa za a cinye.

Sule Direba:
Gaskiyar Mma ce. Ni da nake bin hanyar nan ta Mampong, Ejura, Atebubu, Prang, in na sauke baƙo mai zuwa tsibiri ba na tambayarsa sunan gari, cewa nake wajen wa za ka? Zainab, turo min lambar yaron ta gefe, akwai wanda zan haɗa su a tasha.

Mubarak Asawase:
Allah ya saka wa Mma da Yaya Sule. Amma wallahi abin nan yana ci min rai. Tun Oktoba 2017 aka ƙaddamar da GhanaPostGPS, aka yanka faɗin ƙasar nan zuwa ƙananan murabba'ai, kowanne mita 5 a tsaye mita 5 a kwance, kowanne da lambarsa. Da an sa lambar makarantar a takardar, da yaro bai kwana a bakin ruwa yana bin mutane da tambaya ba. Aikina awon fili ne, kullum ina ganin yadda kwatancen baki ke ɓata wa mutane lokaci da kuɗi. Wajen wane, bayan wane, jirgin wane. In wane ya mutu fa? In ya sayar da jirgin? Ya kamata a ce kowane tsibiri yana da suna ɗaya da lamba ɗaya, kowa ya bi.

Baba Ɗanlami Sawaba:
Ɗana Mubarak, na yi gyaran injin jirgi a bakin ruwan Yeji tun ina da ƙarfina, bari in gaya maka abin da lambar ba za ta yi maka ba. Za ta nuna maka inda makarantar take, ba za ta nuna maka ta inda za ka bi ba. Waya layi take ja miƙaƙƙe daga nan zuwa can. Ruwan nan kuwa daji ne aka nutsar da shi a tsaye. Da aka datse kogi a Akosombo ba a sare itatuwa ba. Suna nan, wasu kansu a waje, wasu taƙi ɗaya a ƙarƙashin ruwa, ba ka ganinsu sai ka ji su. Wanda ya bi layin waya, kututture ne zai fasa masa cikin jirgi.

Shi ya sa kowane jirgi ke da yaro a zaune a goshi, idonsa a ruwa, yana nuna wa mai inji da hannu: dama, hagu, rage wuta. Hanya kuwa a ka take. In za ka bar Yeji za a ce maka ka sa ƙarfen sabis a ƙeyarka har ka hango busasshen icen nan mai reshe biyu, ka bar shi a hannun hagu, ka nufi inda aka ɗaure galan ɗin Kufuor, nan ne bakin hanya. Galan ne rawaya da aka ɗaura wa dutse da igiya aka saki, baƙo sai ya ɗauka shara ce ke yawo. Nisa ma ba da mil ake faɗa ba, da mai ake faɗa. Wuri kaza galan ɗaya ne, wuri kaza galan uku, in da lodi ka ƙara rabi.

Sannan ruwan ba ya zama wuri ɗaya. Daga wajen Agusta yana hawa har Oktoba ko Nuwamba, balle in an buɗe madatsar Bagre a Burkina, daga nan ya yi ta ja har damina ta zagayo. Wurin da yake tsibiri a Nuwamba, a Mayu da babur za ka shiga. Inda jirgi ke tsayawa yau, bayan wata huɗu sai ka taka laka rabin awa kafin ka kai ga ruwa. To lambar wace kwatar za ka rubuta a takarda?

Mubarak Asawase:
Baba, na ji, kuma maganar kututture ban da ja a kanta. Amma makaranta ba ta tashi da ruwa, gini ne a tsaye. A ba mai jirgi lambar ya ga wane tsibiri ake nufi, shi kuma ya bi hanyar da ya sani. Ba cewa na yi a karɓe masa sitiyari ba.

Malam Tanko Alabar:
Ina ganin mu duba dalilin da ya sa sunayen suka yi yawa haka, don ba sakaci ba ne. Kafin 1964 babu tafki, babu waɗannan tsibiran. Tuddai ne a cikin gonaki da dajin mutane. An fara ginin madatsar Akosombo a 1961, aka gama a 1965, ruwa ya mamaye fili kusan murabba'in kilomita 8,500. Mutum wajen 80,000 aka tasa daga ƙauyuka sama da 700, aka tara su a sababbin garuruwa 52.

Su waɗannan gwamnati ce ta tashe su, ta rubuta sunayen inda ta kai su. Waɗanda ba wanda ya rubuta su ne masuntan da suka zo daga baya da ƙafarsu. Mutanen Tongu, wani reshen Ewe da ke ƙasa da madatsar, su Battor da Mepe da Sogakope, ambaliyar da suke noma da kamun kifi da ita kowace shekara ta daina zuwa, sai suka biyo kifi zuwa sama. Mutanen Ada da Ningo da Fanti suka biyo sawu. Mutum ya sauka a kan tudu da iyalinsa da tarunsa, ya kafa bukka, sai a kira wurin da sunansa a ƙara kope, wato ƙauyen wane a bakin Ewe. Ku duba Kudorkope, Aglakope, Wayokope, ko Dodoikope da ke tsallaken Dambai, duk ƙirar ɗaya ce. Inda Fanti suka taru aka ce Fante Akura, ga Accra Town ma a yankin Yeji. In wuri ya cika ko ruwa ya kore su, sai rabi su yi gaba su tafi da sunan, a sami Namba Ɗaya da Namba Biyu, wani lokaci har Namba Uku.

Amma tudun nan yana da suna tun kafin ruwa ya zo, a bakin masu ƙasa, Nchumuru ne ko Krachi ko Gwanja. Mu kuma 'yan kasuwa muka zo muka laƙaba namu. Suna uku ke nan a kan tsibiri ɗaya, kowa kuma nasa yake kira. Wanda ya rubuta takardar ƙanen Zainab ya ɗauki ɗaya, masu jirgi suna aiki da wani. Tambayar da zan yi wa Mubarak ita ce, in za a bar suna ɗaya, na wa za a bari?

Amina Nima:
Malam, mu nan Ankara, wato Accra, ba a tsibiri muke ba, amma haka muke rayuwa. Tun 2013 aka ba da umarni a sa wa tituna suna, an kafa alluna, amma har yau in zan kwatanta gidanmu cewa nake ka sauka Gota, ka wuce mai koko, ka shiga lungun masallaci, ka tambayi gidan Hajiya mai waina. Kawukudi, Tudu, Fadama, Sabon Zango, Malam, duk bakin iyayenmu ne ya sa su, ba wani ofis ba. Ga su yau a kan taswira, yaron motar haya ta trotro da ba ya jin Hausa ko kaɗan yana kiransu da ƙarfi. Ni a ganina a ƙyale mutanen tsibiri, sunan da ya fi ƙarfi shi zai zauna da kansa.

Sule Direba:
Nan Kumasi ma Dr. Mensah, Sofoline, Anloga, Tech, su ne hanya. Ban taɓa ɗaukar fasinjan da ya ba ni sunan titi ba.

Mubarak Asawase:
Anti Amina, a Nima in kin ɓata, kowane taku goma akwai mai shago ko mai shayi da za ki tambaya. A tsakiyar tafki da dare wa za a tambaya? Wanda ya ɗaga waya a lambar gaggawa ta 112 yana zaune a ofis, bai san jirgin wane ba. Jiragen Zipline marasa matuƙi da aka fara amfani da su a 2019 wajen kai jini da magani, har suka buɗe tasha a Krachi, ba sa jin "bayan busasshen ice". Lamba suke bi. Wurin da ba shi da lamba, ba za a jefa masa magani ba.

Hajara Nas:
Na yi aiki a wani ƙaramin asibiti a yankin Krachi, bari in ba ku abin da na gani. Wani dare cikin hunturu, wajen ƙarfe ɗaya, wani mutum ya kira, matarsa tana naƙuda tun la'asar, jini ya ɓalle mata. Na ce kuna ina? Ya ce Namba Biyu. Kafin in ƙara tambaya waya ta yanke. Ashe a tsibirinsu wuri ɗaya ne ake samun sabis, kan wani suri a bayan gari, sai ka hau ka ɗaga waya sama. Ya faɗi abin da zai faɗa ya sauka da gudu ya koma wajen matarsa. Muka yi ta kira, ba ta shiga.

Muka tashi mai jirgi. A iya saninsa Namba Biyu ɗaya ce a wannan gefen, can ya kai mu, cikin hazon da ko goshin jirgin da ƙyar kake gani. Muka isa gari tsit, sai haushin karnuka. Wani tsoho ya fito da tocila ya ce ba mai ciki a nan. Amma, in ji shi, akwai waɗanda suka tashi daga nan shekarun baya da ruwa ya ci gidajensu, sun tafi da sunan, har yau Namba Biyu suke kiran kansu. Sauran jama'a kuwa da sunan mai tarun da ya ja su can suke kiran wurin. Yana faɗin wannan sunan mai jirginmu ya dafe kai, ya ce ai ya san wurin sarai, ko makon jiya ya kai gishiri. Man da ya rage ba zai kai mu ba, sai da tsohon ya shiga ɗaki ya ranto mana galan ɗaya. Mun isa gari ya fara wayewa. Uwar ta rayu. Jaririn bai zo da rai ba.

Rai na Allah ne, amma awa ukun da muka yi muna yawo a ruwa suna nan a zuciyata. Washegari na sayi littafi mai bango. Duk wadda ta zo awo, duk wanda ya kawo yaro rigakafi, sai in tambaya: ku me kuke kiran garinku, masu jirgi me suke kiransa, me aka rubuta a katin zaɓenku, jirgin wa ke zuwa muku, wayar wa ke shiga da dare. In mun fita rigakafi kuma sai in ɗauki lambar wurin a waya in rubuta a gefe. Da za a canja min wurin aiki na damƙa wa wadda ta gaje ni littafin hannu da hannu. Anti Amina, ba za a iya jiran suna mai ƙarfi ya zauna da kansa ba. Mubarak, kai ma da lamba kaɗai ba ka tsira ba, don mutumin nan a kan suri, hankalinsa a tashe, ba lamba zai karanta min ba. Sunan da ya sani zai faɗa, dole a sami wanda ya san duk sunayen.

Zainab Aboabo:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba su haƙuri, ya saka miki Anti Hajara. Jama'a, ƙanena ya samu. Matan banda sun haɗa shi da mai jirgin, ashe kowa a bakin ruwa Makaranta kawai yake kiran wurin, don nan ne aka fara gina aji a wannan gefen. Gobe da hantsi za su tashi. Mma ta ce a yi muku godiya ɗaya bayan ɗaya.

Mma Rabi Mai Kifi:
Madalla. Ya sayi rigar ruwa in ya samu, kuma in ya ga lodi ya yi yawa ya sauka ya jira wani.

Alhaji Garba Kete:
Jikana ne ke rubutawa, ni nake faɗa. A tsohuwar Kete aka haife ni, ina yaro aka tashe mu. Ku yaran yanzu kuna cewa Kete Krachi kamar suna ɗaya ne. Kete zangon baƙi ce, ta Hausawa da sauran fatake, Krachi kuwa garin masu ƙasa ne, da 'yar tafiya a tsakaninsu. Bayan yaƙin Salaga na 1892 mutane suka watse, da yawa suka sauka Kete, cikinsu har da Alhaji Umaru, wanda ya yi limanci da karantarwa a can har ya rasu a 1934. Kakana yana cikin waɗanda suka biyo wannan hanyar.

Garin da na sani yana ƙarƙashin ruwa. Wata shekara na koma gaisuwar rasuwa, muka shiga jirgi da wani abokina da muka yi allo tare, shi bai bar can ba. Muna tafe sai na ji ya ce wa mai inji, bi ta kan kasuwa, kada ka yi ta wajen masallaci, ruwa ya ja, akwai gini. Na duba gabas na duba yamma, ruwa ne kawai. Mai injin yaro ne, ubansa ma bai ga kasuwar ba, amma ya gane, ya karkata jirgi. Na tambayi yaron, me ya sa ake ce wa nan kan kasuwa? Ya ce shi dai haka ya taso ya ji. Bai san nan ne ake sauke gishirin Ada daga kwalekwale, a ɗora wa jakuna zuwa arewa ba, bai san nan ne ake cinikin goro da man kaɗanya ba.

Ni damuwata ke nan. Ku kuna maganar wanda zai ɓata a ruwa, ni ina maganar waɗanda suka san dalilin sunan. Mun kusa ƙarewa. A Salaga har yau ana nuna wa baƙo Wankan Bayi da Rafin Angulu, sunan ya riƙe abin da ya faru a wurin, mai ɗaci ne amma bai ɓace ba, don ƙasar tana nan ana takawa. Namu kuwa ba inda za ka tsaya ka nuna wa jikanka.

Kabiru Yawuri:
Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya. Mu ma a gida haka ta faru da mu. Da aka gama Kainji a 1968 tsohuwar Bussa ta nutse, aka gina sabuwa, Gungawa da ke zaune a tsibiran Kwara aka kwashe su zuwa tudu. Abin da Ewe ke yi da kope, namu masuntan da tunga suke yi: Tungan wane, Tungan wane, duk bakin ruwa. A Tafkin Chadi ma ruwa yana ja tumbu, wato tsibiri, ya fito, mutane su bi su zauna su sa suna, ga Tumbun Gini, ga Daban Masara, ga Doron Baga. Amma ku tuna da Darak. 'Yan Najeriya ne suka bi ruwa suka cika wurin, suka yi shekaru, har kotun duniya ta yanke a 2002 cewa ƙasar Kamaru ce. Wanda ya zauna ya raɗa wa wuri suna daban, mai ƙasa daban. Tambayar Malam Tanko ba ƙarama ba ce.

Mubarak Asawase:
To na sauko daga maganar suna ɗaya. Abin da Anti Hajara ta yi da littafi, me zai hana mu yi shi a nan? Muna da 'yan kifi, muna da direbobi, muna da masu zuwa Dambai da Kpando Torkor da Buipe. Kowa ya turo sunayen da ya sani, na takarda da na baki, wanda ya je wurin ya ɗauko lamba. Ni zan tattara in ɗora a taswirar intanet ta OpenStreetMap, tana karɓar suna fiye da ɗaya a wuri guda, kuma kyauta ce, kowa zai gani.

Malam Tanko Alabar:
Niyyar tana da kyau, amma a yi hattara. Ko taswirar ta karɓi suna goma, ɗaya ne zai fito a sama da manyan baƙaƙe. Masuntan nan baƙi ne a ƙasar wasu, sarakunan masu ƙasa ne suka ba su wurin zama, kuma suna kai musu gaisuwa, kifi ko kuɗi. Ran da mai ƙasa ya buɗe waya ya ga tudun kakanninsa da sunan baƙo a kai, zai ce ana so a ƙwace ne. Ran da masunci ya ga an goge sunan ubansa da ya share dajin, zai ce ana so a kore shi ne. Mu 'yan Zango mun fi kowa sanin wannan, tunda ko a nan Kumasi zamanmu da izinin masu gari ne. Kada mu zauna a Asawase mu kunna wa mutane wutar da ba mu ne za mu kwana a cikinta ba.

Mma Rabi Mai Kifi:
Kuma namu sunayen ba duka ne na rubutawa ba, Mubarak. Akwai wanda muka sa don wuri ne da kifinsa ke da kyau, ba ma so kowa ya sani, abincinmu ne. Akwai wanda muka sa don an taɓa cin bashin wata a can ba a biya ba, shekara da shekaru, masu bashin sun mutu, jikokinsu ba su san muna kiran garinsu haka ba. In suka gani a waya, da wane ido zan koma in ba matansu kuɗin banda? Ni amana ce jarina, ina ba mace kuɗi a Yeji ba takarda, ta tafi tsibiri, bayan mako biyu kwando ya zo da alamata a jiki, jan ƙyalle a hannun kwandon. Zan ba ka sunayen da masu wurin suka sani suka yarda da su. Sauran a bar mana a baki.

Baba Ɗanlami Sawaba:
Akwai kuma waɗanda ba sa son a san inda suke sam. Tun 1971 aka mayar da Digya gandun dajin gwamnati, amma akwai masunta da ke zaune a gefensa da tsibiransa. A watan Afrilu 2006 jirgin da ya kwaso mutanen da aka tasa daga Dudzome da ke cikin gandun ya kife, aka rasa rayuka. Mutanen ruwa ba su manta ba. In baƙo ya sauka da waya a hannu yana ɗaukar lamba yana tambayar sunan gari da yawan gidaje, abin da zai fara zuwa ransu shi ne za a zo tashinsu. Za su ba ka ruwa ka sha, su ba ka sunan da ba shi ba ne, su raka ka jirgi. Ka dawo ka ɗora ƙarya a taswira ba ka sani ba, wani ya bi ta da dare.

Hajara Nas:
Baba, tsoron gaskiya ne, na gan shi. Amma na ga ɗaya gefen ma. Garin da ba ya cikin takarda ba ya cikin kason gidan sauro, ba ya cikin kason allura, ba a tura masa malami. Pediatorkope a Ada da Kudorkope da Aglakope sun sami wutar sola ta gari ne don an san da zamansu. A ƙidayar 2021 ma'aikata sun shiga jirgi sun bi tsibirai suna rubuta lamba a bango, wanda ya ɓoye kansa ya ɓoye 'ya'yansa ne. Abin da na lura, ni ba su taɓa ɓoye min suna ba, don sun san me zan yi da shi, kuma sun san littafin yana asibiti, ba ya yawo.

Mubarak Asawase:
Ke nan maganar ta koma kan wa zai riƙe. Baba, in ba intanet ba, a hannun wa?

Baba Ɗanlami Sawaba:
Kowace kwata tana da shugaban masu jirgi. Shi da nas ɗin da ke kula da wannan gefen, su biyu. Kafin a rubuta gari a je wajen mai garin a gaya masa dalili, a kuma kai gaisuwa wajen mai ƙasa. Wanda ya ce a'a a ƙyale shi, a karɓi lambar wayar mutum ɗaya kawai. Kuma hanyar sai an duba ta sau biyu a shekara, da ruwa ya cika da kuma da ya ja.

Malam Tanko Alabar:
Wannan na yarda da shi. Ɗorawa a intanet kuwa har yanzu ban gamsu ba.

Amina Nima:
Ni kuma ina ganin ko ku ɗora ko kada ku ɗora, wani baƙo zai zo ya ɗora, kuma shi ba zai tambayi kowa ba. Gara waɗanda suka san wurin su riga shi.

Mubarak Asawase:
Wannan sai mun sake zama a kai. Amma na Alhaji fa? Tsohuwar Kete ba mai rigima a kanta, ba wanda za a tasa. Alhaji, in ka ba da izini in zo da na'urar ɗaukar magana.

Alhaji Garba Kete:
Jikan ne. Alhaji ya ce ku zo Yalwa ranar Asabar bayan la'asar, ku tambayi gidan masu goro kusa da famfo. Ya ce ku taho da babbar takarda, zai zana muku unguwannin da hannunsa, daga kasuwa zuwa bakin kogi. Ya ce kuma Anti Hajara ta nemo wani dattijo ɗan Krachi ya zo ya zauna tare da ku, don rabin sunayen ba na Hausa ba ne, ba ya so a rubuta su a karkace.